Katin wa'azin bakin tasha ya yi, sai dai wutar ta yi yawa

Masu tambayata batun katin memorin wa'azin Kirista da yaron nan mai shagon cajin waya ke saidawa kusa da tasha nan Tahoua, to ga abin da na gani. Jikka biyu ne, giga takwas, a gabana ya sa shi cikin 'yar rediyon inna ya gwada, kuma ya ce in ya ƙi yi a maido mai ba gardama.

Karatun Sabon Alkawarin da ke ciki tsab yake, murya na fita ras. Waƙoƙin zumuntar mata ma ba laifi, duk da wasu da waya aka ɗauko su har kukan jarirai ana ji.

Wajen wa'azin ne nike da magana. Kusan duk wanda ka danna jahannama ce, tsutsa, kuka da cizon haƙora, akwai ma wani da ya sa ihun mutane a bayan muryarshi wai na 'yan wuta ne, jikanyar inna ranar kwana ta yi tana zabura. Ni fa ban ce a bar zancen wuta ba, Yesu da bakinshi ya yi shi a Markus 9, ga kuma tafkin wuta a Wahayin Yahaya 20, wanda ya ce babu to bai buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Amma ku je Matiyu 25 ku ga su wa aka kora hagu zuwa wuta, waɗanda suka ga mai yunwa da baƙo da majinyaci da na gidan kaso suka kau da kai ne, su kuwa malaman nan ƙarfinsu duka kan wandon mata da kitson roba da wanda bai fidda zakka ba, haba jama'a.

Tsoho guda ne ya biya ni kuɗina, daga jin Hausarshi mutumin wajen Maradi ne. Luka 16 ya ɗauko ba ihu ba buga teburi, Li'azaru matalauci kwance bakin ƙofar mai arziki karnuka na lasar gyambonshi, mai arzikin daga baya ya mutu yana cikin azabar wuta yana roƙon a tsoma kan yatsa a ruwa a sanyaya mai harshe, ya tuna 'yan'uwanshi biyar, Ibrahim ya ce ai suna da Musa da annabawa. Sai tsohon ya tambaya wa ke kwance ƙofar gidanka da ka saba tsallakewa. Kuma bai bar mutum cikin tsoro ba, ya kai shi Yahaya 3 inda aka ce ceto Ɗan Allah ya zo yi.

Wani abin haushi, wa'azozin ba suna sai lambobi, sai ka yi ta lalube. In za ku saya ku ce ya goge mai ihun nan tun a shagon, musamman in da yara a gida, ba ya karɓar ko dala kan gogewa.