Rangadin bas daga Boston zuwa Plymouth da Providence: jagora ta ƙwarai, jadawali maras kan gado

Kamfanin yana tallata shi a matsayin rangadin wuni guda a kan sawun mutanen da suka tsallaka teku daga Ingila zuwa Amurka don neman 'yancin addini. Ana farawa da tafiyar ƙafa a tsakiyar Boston da sassafe, a hau bas zuwa Plymouth, a biya ta Providence, a dawo bayan faɗuwar rana. Kuɗin ya haɗa da mota da jagora da tikitin shiga gidan tarihi da na jirgin ruwa. Abinci kuwa kowa tasa ta fisshe shi. 'Yata da ke karatu a can ce ta yankar mana tikiti. In faɗi ra'ayina tun da wuri: kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma jagorar ce ta biya shi, ba wanda ya tsara jadawalin ba. Shi wannan ya zuba sa'o'i a wurin da labarin ya fi daɗin ji, ya ƙuntata su a wurin da labarin ya fi nauyi.

Jagorarmu dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta. Tun a maƙabartar King's Chapel, a gaban kabarin John Winthrop, gwamnan Turawan da suka kafa Boston a yankin Massachusetts, ta soma warware abin da takardar tallar kamfaninta ta cakuɗa. Ta ce ƙungiya biyu ce, kada mu haɗa su. Waɗanda suka sauka Plymouth a 1620 sun yanke ƙauna daga Cocin Ingila, sun fice daga cikinta ɗungurungum. Sai da suka yi zaman gudun hijira fiye da shekara goma a Holan, mafi yawa a garin Leiden, kafin su hau teku. Su kuwa 'yan Furitan da Winthrop ya jagoranto a 1630, cikin jirage goma sha ɗaya, ba su ce sun fita ba. Cewa suka yi za su tsarkake cocin daga sauran al'adun Katolika da suke ganin sun maƙale mata. Sun fi na Plymouth yawa da dukiya da ilimi nesa ba kusa ba, kuma sun zo da takardar izinin kamfaninsu da Sarki Charles na Ɗaya ya sa wa hannu a 1629. A cikin shekara goma da suka biyo baya, kimanin mutum dubu ashirin suka bi sawunsu, ana matsa musu lamba a gida ƙarƙashin babban limamin coci William Laud.

Abin da ya sa na saki jiki da matar nan shi ne ba ta ɓoye cewa tun 1631 aka yi doka a Massachusetts cewa sai cikakken ɗan coci ne zai yi zaɓe. Mutanen nan 'yancin yin nasu addinin yadda suke so suka zo nema, ba su taɓa yi wa wani alkawarin nasa ba. Amma ba ta mai da su dodanni ba. Ta tuna mana cewa su ne suka kafa jami'ar Harvard a 1636, shekara shida kacal da kafa Boston, kuma a 1647 suka wajabta wa duk garin da ya kai gida hamsin ya ɗauki malamin da zai koyar da yara karatu da rubutu, don kowa ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa.

Daga nan muka gangara kusurwar da gidan Anne Hutchinson yake a da. Yanzu wani tsohon ginin bulo ne a wurin, motoci na wucewa, ba abin da zai nuna maka an taɓa yin wani abu. Nan jagorar ta tsayar da mu ta daɗe, kuma ya cancanta. Hutchinson ungozoma ce, 'yar limamin coci, ta iso Boston a 1634. Tana tara mata a gidanta suna bitar wa'azin ranar Lahadi, a hankali maza suka soma zuwa, har da manyan gari. Zarginta ga yawancin limaman shi ne suna koyar da mutane cewa kyawawan ayyuka shaida ce ta samun tsira, alhali a fahimtarta tsira baiwa ce daga Allah tsantsa. Gidan Winthrop yana daura da nata, wato a kan idonsa ake wannan shige da fice. A watan Nuwamba na 1637 aka gurfanar da ita, Winthrop ne mai tuhuma, shi ne kuma shugaban masu yanke hukunci. Ta kare kanta da ayoyi har ta kusa ƙure su, sai da ta furta da bakinta cewa Allah yana sanar da ita abubuwa kai tsaye, sannan suka sami abin kamawa. Aka kore ta daga yankin, a watan Maris na 1638 coci ma ta fitar da ita. A 1643 aka kashe ta da yawancin 'ya'yanta ƙanana a wani hari a yankin da Holan ke mulki, kusa da inda unguwar Bronx ta birnin New York take yau, wasu limaman Boston kuma suka ɗauki hakan hukuncin Allah ne.

Ranar da aka fitar da ita daga coci, wata ƙawarta ta tashi ta kama hannunta suka fita tare. Mary Dyer ke nan, wadda mutum-mutuminta yake zaune a gaban majalisar jihar. Daga baya ta shiga ɗariƙar Kirista ta Kweka, a 1658 kuma Massachusetts ta yi dokar kisa ga duk ɗan Kweka da aka kora ya dawo. A 1659 an rataye abokan tafiyarta biyu tana kallo, ita ma igiya na wuyanta aka sauko da ita. Ta sake dawowa da ƙafarta, aka rataye ta ranar 1 ga Yuni, 1660. 'Yata ta raɗa mini, "Baba, jikokin waɗanda suka rataye ta ne fa suka kafa mata wannan." Ban ce mata komai ba, don an riga an fara kiranmu mu hau mota.

Bas ɗin ba laifi. Kujeru masu taushi, da wurin cajin waya, da na'urar sawa a kunne wadda ba ta katsewa ko kana can baya. Tafiyar Plymouth ba ta kai awa guda da rabi ba.

A Plymouth ne jadawalin ya fara ba ni haushi. An ware mana lokaci mai tsawo a bakin Dutsen Plymouth, wanda ake cewa a kansa baƙin suka fara taka ƙafa. Dutse ne da bai fi buhun hatsi biyu a kwance ba, a cikin rami, an sassaƙa 1620 a jikinsa, an gina masa rumfa mai ginshiƙai. Babu ɗaya daga cikin fasinjojin da ya ambace shi a rubuce. Sai a 1741 wani tsoho mai shekara casa'in da 'yan kai ya nuna shi ya ce haka ya ji daga magabata. Minti biyar ya ishi kowa. Sauran lokacin kuma aka kora mu wani shagon tsaraba da direban ya nace shi ne ya fi araha. Da na sani da na haura tudun Cole's Hill da ke tsallaken titi tun da wuri, inda mutum-mutumin Massasoit, sarkin ƙabilar Wampanoag ta 'yan asalin ƙasar, yake tsaye, inda kuma 'yan asalin ƙasar suke taron makoki kowace shekara tun 1970, a ranar da sauran Amurkawa ke bikin godiya. Ba ya cikin jadawalin kamfanin ko kaɗan, jagorar ce ta nuna mana shi da hannu.

Jirgin Mayflower II kuwa ya shiga raina. An ƙera shi a Ingila a kan fasalin na asali, ya tsallako teku da kansa a 1957. Sai ka sunkuya ka shiga ɗakin ƙasa za ka gane abin da ake nufi da mutum 102 a cunkushe kwana 66. Kusan rabinsu ba su ga ƙarshen sanyin farko ba. Gidan tarihin Plimoth Patuxet ma haka. An gina ƙauyen Turawan yadda yake a 1627, gidajen katako masu rufin ciyawa, da hayaƙin murhu, da kaji na yawo, ma'aikatan kuma suna magana a matsayin mutanen wancan zamanin, ba sa fita daga ciki. Na tambayi wani mai faskare ra'ayinsa game da Roger Williams, wanda ya kafa Providence, ya dube ni ya ce bai san wani mai wannan suna ba. Gaskiyarsa, Williams bai iso ba sai 1631. A ɓangaren Wampanoag kuwa ba wasan kwaikwayo ake yi ba. Ma'aikatan suna magana da kai a matsayinsu na mutanen yau, suna nuna yadda ake rarake gungume da wuta a yi kwalekwale. A nan na ji cewa Turawan sun tarar da gonakin Patuxet, ƙauyen Wampanoag da aka kafa Plymouth a kansa, a share ne saboda annoba ta riga ta share masu su tsakanin 1616 da 1619.

Muka isa Providence rana ta yi sanyi, kowa ya gaji, aka ce minti arba'in muke da shi. Wannan shi ne babban laifin rangadin, don duk abin da muka ji tun safe nan yake zuwa ya tsaya. Williams limamin Furitan ne da ya fi su tsauri a aƙida, kuma tsaurin ne ya kai shi ga cewa hukuma ba ta da hurumin hukunta mutum a kan abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, domin ibadar dole ba ibada ba ce. Ya ƙara da cewa sarkin Ingila ba shi da ikon kyautar da ƙasar da take da masu ita. A watan Oktoba na 1635 aka yanke masa hukuncin kora. Da ya ji ana shirin jefa shi a jirgi a mai da shi Ingila, ya sulale cikin dusar ƙanƙara a watan Janairu, mutanen Wampanoag suka ba shi mafaka har sanyi ya wuce. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa Winthrop ne ya ba shi shawara a asirce ya nufi yankin ƙabilar Narragansett. Ya sami fili daga sarakunansu, Canonicus da Miantonomi, ya kafa garin Providence a 1636 wanda ikon hukumarsa ya tsaya ga al'amuran duniya kawai.

Jagorar ta yi iya ƙoƙarinta tana magana da sauri a ɗan lambun tunawa da shi, kusa da inda maɓuɓɓugar garin take a da. Ta faɗi abin da ban taɓa ji ba: a littafin da ya buga a Landan a 1644, Williams ya ce a bar Yahudawa da Turkawa, wato Musulmi, da ma masu bautar gargajiya su yi ibadarsu, majalisar Ingila kuma ta ba da umarnin a ƙone littafin. Kada a ɗauka sassauci ne na wanda bai damu ba. Yana ganin koyarwar 'yan Kweka ɓata ce, har a 1672, yana tsoho, ya tuƙa kwalekwale da kansa zuwa Newport don ya yi muƙabala da su. Amma bai nemi a kore su ba, ko da Massachusetts ta matsa wa Rhode Island, yankin da Providence take ciki, ta yi hakan. Tana cikin fara bayanin takardar izinin 1663 da Charles na Biyu ya ba yankin, direba ya danna hon. Cocin Baftis da Williams ya taimaka aka kafa a 1638 tana ɗan taku kaɗan daga wurin, ta tagar mota muka ga hasumiyarta. Yaƙin 1675 zuwa 1676 da Metacom, ɗan Massasoit ɗin nan da ya ceci na Plymouth, wanda a cikinsa aka ƙone Providence har da gidan Williams, a kan hanyar dawowa aka ba da shi, rabin motar na barci.

Wanda bai san komai game da tarihin nan ba kuma wuni guda yake da shi, ya yanki tikitin, ya tafi da guzurinsa, don wuraren cin abinci na bakin ruwan Plymouth suna da tsada da layi. Ya sa takalmi mai laushi, ya kuma tuna ƙauyen gidan tarihin a buɗe yake daga bazara zuwa ƙarshen Nuwamba kawai. Wanda kuma labarin korarrun ne ya kawo shi, ya yi tafiyar ƙafar Boston, washegari ya hau jirgin ƙasa daga tashar South Station zuwa Providence. Awa ɗaya da 'yan mintoci ne, kuma daga tashar zuwa lambun Williams da ƙafa ake zuwa.