Nafpliyo ko Haniya: wanne ya fi dacewa da hutun ƙarshen mako?

Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a Atina, babban birnin Girka, kana so ka ɗauki iyali daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi ku je wani tsohon gari na bakin teku ku huta, ba guje-guje, kuma zuciyarka ta rabu tsakanin Nafpliyo da Haniya. Ni dai Nafpliyo zan ce maka, kuma hanya ce babban dalilina.

Nafpliyo tana yankin Feloponis, kusan kilomita 140 daga Atina. In an sauko daga Juma'a ka nufi tashar Kifisos ka shiga bas ɗin KTEL mai jigila tsakanin garuruwa, cikin awa biyu da ɗoriya kun isa. Haniya kuwa a tsibirin Kirit take. Ko dai ku bi jirgin ruwan dare daga Pireyus, tashar jiragen ruwa ta Atina, ku kwana a kan teku wajen awa tara ku sauka a tashar Suda kusa da Haniya da asuba, ko ku bi jirgin sama na ƙasa da awa ɗaya, amma ka lissafa da zuwa filin jirgi da jira da binciken kaya, zuwa da dawowa. Wanda kwana biyu kacal gare shi, rabin hutun ya tafi a hanya.

Wajen tarihi ba wadda za ta raina 'yar'uwarta. Mutanen Venis sun mulki garuruwan biyu, Turkawa ma sun mulke su, kowa ya bar gininsa. Nafpliyo ce babban birnin Girka bayan yaƙin neman 'yanci, kafin a mayar da fadar mulki Atina a 1834. A ƙofar cocin Sipiridon da ke cikin tsohon gari aka kashe shugaban ƙasar na farko, Kapodistiriyas, a 1831. Ganuwar Palamidi, wadda 'yan Venis suka gina tsakanin 1711 da 1714, tana bisa dutse mai tsayin mita 216. Mutanen gari suna cewa matakalarta 999 ce. Kada ka sa iyali hawa: ku ɗauki tasi ta kai ku sama, in da ƙarfi ku sauko da ƙafa da sanyin yamma. Daga can za ku hango Burzi, ƙaramar ganuwar da ke tsakiyar ruwa, wadda ƙananan jirage ke kai mutane cikin 'yan mintuna.

Abin da ya fi kwanta min a rai game da garin shi ne ƙanƙantarsa. Daga dandalin Sintagma zuwa bakin ruwa, zuwa hanyar Arbanitiya da ke zagaye gindin dutse, duk da ƙafa ake yi, kuma yawancin lungunan tsohon gari mota ba ta shiga. Akwai ma ɗan gidan tarihi na komboloi, wani abu mai kama da carbi da dattawan Girka ke juyawa a hannu suna hira, ba don ibada ba. In kun tashi da kuzari ranar Asabar, tsohon dandalin wasan kwaikwayo na Efidaurus yana nan kusan kilomita 30. In ba kuzari, ku zauna ku sha lemon da aka matse daga gonakin yankin, ba ku yi asarar komai ba.

Haniya ta fi girma, ta fi hada-hada, kuma gaskiya bakin ruwanta ya fi na Nafpliyo ɗaukar ido: hasumiyar fitila a ƙarshen katangar teku, da masallacin Kucuk Hasan mai ƙubba wanda aka gina bayan Turkawa sun ci garin a 1645. A unguwar Sipilanziya akwai cocin Nikolas mai hasumiyar ƙararrawa a gefe guda, hasumiyar kiran salla a ɗaya gefen. Abincin Kirit ma ya yi suna. Sai dai daɗin Haniya yana haɗe da abin da ke kewaye da ita, kamar kwazazzabon Samariya mai tsawon kilomita 16 da rairayin bakin teku masu nisa, kuma kowannensu wuni guda yake ci. Ita ta mako guda ce.

Tsofaffin masallatan garuruwan biyu ba a salla a cikinsu yanzu, an mayar da su wuraren taro da baje koli, don haka ku tafi da darduma ku yi a masauki. Wajen abinci, ka tambaya kafin ka sayi subulaki (irin tsirensu) ko giros (irin shawarmarsu), domin yawanci naman alade ne. Kifi, wake, salak da cuku ba za su yi muku wuya ba a ko'ina.

Mutanen Atina kansu Nafpliyo suke zuwa hutun ƙarshen mako, saboda haka ka kama ɗaki tun da wuri. In kana da zaɓi ka kauce wa Yuli da Agusta saboda zafi da cunkoso, ka nemi watan Mayu ko Oktoba.