Na'urar TriField TF2: yadda na gwada ta kafin sayen gida kusa da manyan wayoyin wuta

Na shafe kusan shekara biyu ina neman gidan da zan saya a bayan garin Kano, kuma duk wanda ya taɓa irin wannan nema ya san yadda farashi ke gudu, ɗan abin da mutum ya tara yana bin sa a baya. Ranar da dillali ya kai ni wani gida ta wajen Kumbotso, mai ɗaki huɗu da rijiya da tsakar gida mai faɗi, a kan kuɗin da ya gaza na sa'o'insa nesa ba kusa ba, ɗaga kai kawai na yi na ga dalilin arahar. Manyan wayoyin wuta na 132kV, wato masu ƙarfin bolt dubu 132, sun ratsa ta bayan katanga a kan dogayen turakun ƙarfe, kusa ƙwarai da ɗakin baya. Dillalin ya lura da inda idona ya tsaya, sai ya ce, "Alhaji, wayoyin nan sun girmi unguwar, ga mutane nan suna haihuwa suna aurarwa, babu wanda suka taɓa yi wa komai." Da na koma gida na ba uwargida labari, amsarta ita ce, "Abban yara, ni dai na sha jin ana cewa irin waɗannan wayoyi suna sa wa yara ciwon daji, kuma ba zan iya barci da wannan zullumi a raina ba." Tsakanin waɗannan maganganu biyu na rasa wadda zan kama, domin babu ɗayansu da ya auna wani abu.

Wannan ne ya sa na roƙi ƙanin matata, wanda yake shirin dawowa daga Amurka a lokacin, ya sayo mini TriField TF2, na'urar da kamfanin AlphaLab ke ƙerawa a can. Kuɗinta bai kai dala 200 ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan aka juya shi zuwa naira, amma kuma ɗan mitsitsi ne idan aka ajiye shi kusa da kuɗin gida. Girmanta bai wuce tafin hannu da kaɗan ba, tana aiki da batir guda mai bolt 9, tana da allo mai nuna lambobi da maɓalli ɗaya da ake murzawa don zaɓar abin da za a auna. Abubuwa uku take aunawa: ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye waya idan wuta na gudana a cikinta, da ƙarfin lantarkin da ke cikin iskar da ke kusa da wayar, da kuma igiyoyin rediyo irin na eriyar wayar salula. Ga mai sayen gida kusa da wayoyin wuta, na farkon ne abin dubawa. Katanga da rufi da bishiyoyi suna tare mafi yawan ƙarfin lantarki kafin ya shigo ɗaki, amma maganaɗisu yana ratsa bulo da siminti kamar babu su, kuma a kansa ne binciken likitoci ya fi tsayawa.

Abin da ya fi burge ni a aikinta shi ne tana ɗaukar maganaɗisu ta fuskoki uku a lokaci guda, don haka ba sai mutum ya yi ta jujjuya ta yana neman kusurwar da lamba za ta fi hawa ba, kamar yadda ake yi da na'urori masu araha waɗanda ke ɗauka ta fuska ɗaya. Ina riƙe ta daidai ƙugu in yi tafiya a hankali, lambar tana hawa tana sauka a gabana, a saman allon kuma tana riƙe mini lamba mafi girma da ta gani na ɗan lokaci. Maɓallin yana da sashe biyu na maganaɗisu, ɗaya an rubuta masa Standard, ɗayan Weighted. Na farkon shi ne ya dace da wannan aiki, domin shi ke ba da lambar da za a iya kwatantawa da waɗanda masana ke amfani da su, kuma yana karanta wutarmu ta Najeriya mai zagaye 50 a daƙiƙa ba tare da matsala ba, duk da cewa a ƙasar da ake amfani da wuta mai zagaye 60 aka ƙera na'urar.

Sai dai lamba ba ta da amfani ga wanda bai san da me zai gwada ta ba, kuma na'urar ba za ta yi wa mutum wannan karatu ba. Tana ba da sakamako da ma'aunin miligaus, alhali yawancin rubuce-rubucen masana da maikrotesla suke magana, kuma miligaus 10 ne ke yin maikrotesla 1. Fargabar da uwargida ta ji a bakin mutane tana da asali. A 1979 masu bincike biyu, Nancy Wertheimer da Ed Leeper, suka wallafa abin da suka gani a birnin Denver na Amurka, cewa sankara ta fi yawa a tsakanin yaran da gidajensu ke kusa da wayoyi masu ɗauke da wuta mai yawa. Bincike ya biyo bayan bincike, har a shekarar 2000 Anders Ahlbom da abokan aikinsa suka tattara guda tara wuri ɗaya, suka samu cewa yaran da ke zaune a inda matsakaicin maganaɗisu ya kai maikrotesla 0.4, wato miligaus 4, sun ninka sauran yara a yiwuwar kamuwa da sankarar jini, ko da yake yaran da ke zaune a irin wannan yanayi ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. A kan haka ne cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, ta sa wannan maganaɗisu a rukunin 2B a littafinta na 2002, rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo sankara amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Har yanzu ba a gano hanyar da maganaɗisu mai rauni haka zai bi ya lalata ƙwayar halitta ba, gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi ma ba su tabbatar da zargin ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hujjar ba ta isa a kira shi sanadin cutar ba, amma ta isa a ci gaba da kula da ɗaukar matakan da ba su da tsada.

A ɗaya gefen kuma akwai iyakar da ICNIRP, hukumar masana ta ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin kare mutane daga irin wannan maganaɗisu, ta gindaya a 2010 ga jama'a, maikrotesla 200, wato miligaus 2,000, wadda aka gina a kan illar da aka tabbatar tana samun jijiyoyi nan take. TF2 kuwa a miligaus 100 ma'auninta ke ƙarewa. Ma'ana, duk lambar da ta iya nunawa tana ƙasa da wannan iyaka da nisa mai yawa, don haka ba na'urar duba ko an keta ƙa'ida ba ce. Amfaninta shi ne ta gaya wa uba ko ɗakin da yaransa za su kwana shekara da shekaru yana sama da miligaus 3 zuwa 4 ko yana ƙasa, kuma ni wannan tambayar ce ta kai ni sayenta. A ganina, tun da akwai zaɓi tsakanin gida da gida, babu dalilin da zai sa mutum ya zaɓi wanda ke sama da wannan lamba, ko da kuwa zargin bai tabbata ba.

Zuwana na farko gidan da na'urar da hantsi ne. A ƙarƙashin wayoyin lamba ta haura miligaus 10, a ɗakin baya ta tsaya wajen 3, a zaure kuwa ba ta kai 1 ba. Na ga da idona abin da ake faɗa, cewa idan nisa ya ninka, ƙarfin yana faɗuwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na kusa gamsuwa, sai wani abokina da ke aikin haɗa wutar gidaje ya ce mini, "Malam, ai ba girman waya kake aunawa ba, yawan wutar da ke bi ta cikinta kake aunawa, ka koma bayan Magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa." Da na koma a wannan lokaci, ɗakin baya ya ba ni fiye da ninkin abin da na gani da safe. Wani zuwan kuma ya dace da ranar da babban layin wuta na ƙasa ya faɗi, sai na'urar ta nuna kusan sifili a gindin turken kansa. Wannan batu ya fi shafar mu fiye da mutanen ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, domin a nan awo ɗaya zai iya yaudarar mutum gaba ɗaya, kuma layin da ke ɗauke da wuta kaɗan a bana zai iya cika maƙil nan da wasu shekaru idan samar da wuta ya inganta. Na'urar ba ta ajiye bayanan awo don a ga matsakaicin yini guda, alhali binciken likitocin a kan matsakaici na dogon lokaci aka gina shi. Da littafi da biro na cike wannan giɓi, ina rubuta ɗaki da lokaci da lamba a kowane zuwa.

Sashenta na ƙarfin lantarki bai kai na maganaɗisu ba. Ta fuska ɗaya yake ɗauka, jikin mai riƙe da na'urar yana sauya sakamakon, kuma a bolt 1,000 a kowace mita yake ƙarewa, alhali a ƙarƙashin layin 330kV ana iya wuce haka. Na ɗauke shi a matsayin manuni kawai. Sashen igiyoyin rediyo kuwa babu ruwansa da wayoyin wuta, ban kuma yi amfani da shi sosai ba.

Abin da ya raba ni da wancan gida a ƙarshe igiyar awo ce irin ta magina. Dokar lantarki ta Najeriya ta ware wa layin 330kV fili mai faɗin mita 50, wato 25 ta kowane gefe, ta ware wa na 132kV mita 30, wato 15 ta kowane gefe, kuma ba a yarda a yi gini a cikin wannan fili ba. Da muka ja igiya daga tsakiyar layin zuwa katangar baya, ba mu samu mita 15 ba, ɗakin bayan ma rabinsa a ciki yake. Kamfanin TCN mai kula da waɗannan layuka da hukumar NEMSA mai duba lafiyar kayan lantarki a ƙasar nan sun sha gargaɗin masu gini a ƙarƙashin wayoyi, kuma irin wannan gini yana iya fuskantar rusau ko mene ne dillali ya faɗa. Haɗarin da ke nan ba na mai yiwuwa ba ne. Waya tana tsinkewa, tana kuma yin ƙasa idan ta yi zafi, sannan wuta mai wannan ƙarfi tana iya tsallako iska ta kama dogon rodi ko sandar eriya ba tare da an taɓa wayar ba. Har yau ban manta daren 20 ga Afrilu 2017 ba, lokacin da wayar wuta mai ƙarfi ta faɗo a kan wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba, mutane suna tsakiyar kallon wasan Manchester United da Anderlecht, aka rasa rayuka. Na yi tunanin yarana suna ɗaga dogon ƙarfe a tsakar gida don kaɗo mangwaro, ko mai gyaran rufi yana jan kwano a sama, sai na gaya wa dillalin cewa na haƙura. Babu na'urar auna maganaɗisu da za ta nuna wa mutum wannan, kuma ina tsoron wani ya ga ƙaramar lamba a allo ya ɗauka an wanke masa gidan daga kowane haɗari.

Gida na biyu a unguwar yake shi ma, ana hango turakun daga ƙofarsa, amma nisansa da layin ya kai kamar mita 80. Sau uku na je, biyu daga ciki da dare, kuma duk ɗakunan suna ƙasa da miligaus 1, ban da wuri guda. A jikin wani bangon ɗakin da muka yi niyyar ba yara, lamba ta tashi sama da abin da na gani a zauren gidan farko. Da na zagaya waje sai na tarar mitar wuta da akwatin rarraba ta suna manne a bayan wannan bango. Taku biyu daga bangon lambar ta koma daidai da sauran ɗakin. Wannan shi ne wurin da na ji kuɗina sun yi aiki, domin ido ba zai taɓa ganin haka ba, hankalina duk yana kan turakun da ke nesa alhali abin da ya fi ƙarfi yana jikin gidan. Taransfoma da ke dab da katanga da wayarin da aka haɗa ba daidai ba su ma suna iya yin irin wannan, saboda haka ya kamata a bi gida ɗaki-ɗaki, a fi tsayawa a inda za a sa gado.

Ga wanda zai sayi gida ko fili sau ɗaya, ba lallai ne ya mallaki TF2 shi kaɗai ba. 'Yan uwa ko abokai za su iya haɗa kuɗi su sayi guda, domin aikin kwana uku ko huɗu ne a kowane gida. Dillalai da masu safiyo da magina kuwa, ina ganin ta cancanci zama cikin kayan aikinsu, kusa da igiyar awo. Mun sayi gida na biyun, mun sa gadon yara a bangon da ke kallon tsakar gida, kabad ɗin kaya kuma ya tare wancan bango. Uwargida da kanta ta riƙe na'urar ta zagaya ɗakin a daren da muka tare. Yanzu haka tana hannun wani maƙwabcinmu da ke duba fili ta hanyar Zariya, na kuma haɗa masa da igiyar awon da littafin da na rubuta lokutan zuwa a ciki.