Koyon Jinyar Mai Gigin Tsufa: Wane Horo Ya Cancanci Lokacinka da Kuɗinka?

Shekara biyu muka yi muna kai ruwa rana da kakarmu a kan sallar la'asar. Ta idar, a naɗe darduma, bayan minti goma ta miƙe tana neman buta. Mu ce, "Hajiya, ai kin yi." Ta ce mun mai da ita mahaukaciya, ta yi fushi, ta ƙi cin tuwo. Wata malamar jinya ce ta ce mu daina yi mata musu, mu miƙa mata butar kawai. Daga ranar gidan ya samu lafiya. Abin da muka koya da hawaye, ashe yana cikin darussan farko na duk wani horo na ƙwarai.

Gigin tsufa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho take kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali, kuma nau'in Alzheimer ne ya fi yawa. Kafin ka zaɓi horo, fara tantance wa zai koya: ɗiya ko surukar da ke kwana da majinyacin, ko ma'aikacin asibiti?

In mai jinya a gida ne, littafin horon masu jinya mai suna iSupport na sa a gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da shi a 2019, kyauta ne, ana sauke littafin a waya. Kashi biyar ne: sanin cutar, zama mai jinya, kula da kanka, hidimar yau da kullum kamar wanka da ci da bayan gida, sai yadda za a yi in hali ya sauya. Kashi na uku ya fi taɓa ni, don a gidajenmu mace ɗaya ake bar wa nauyin, in ta ce ta gaji a ce ba ta neman albarka. Littafin ya ɗauki gajiyarta da muhimmanci, ya nuna mata yadda za ta nemi a karɓe ta. Matsalarsa, asalinsa da Turanci yake, wasu misalan kuma ba su yi kama da gidan da jikoki goma ke shige da fice ba. Ya fi amfani in mutum ɗaya ya karanta ya fassara wa sauran 'yan gida, darasi ɗaya a mako.

Ga nas ko ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi kuwa, mhGAP ya dace. Jagora ne da hukumar ta wallafa a 2010, ta sabunta a 2016, don waɗanda ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba, kuma yana da babi guda a kan wannan cuta. Babban abin da yake koyarwa shi ne rarrabewa. Tsohon da ya rikice cikin kwana biyu, mai yiwuwa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara ko wani magani da ya sha, kuma yana iya warwarewa in an yi maganin sanadin. Wanda ya yi shiru ya daina cin abinci, ta yiwu ciwon damuwa ne. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Jagoran ya kuma gargaɗi ma'aikaci ya guji bai wa irin wannan majinyaci diazepam, wato maganin sa barci da kwantar da hankali, abin da nake fata duk mai kemis ya ji. Sai dai babi ɗaya ne cikin babi da yawa, ba zai koya maka yadda ake lallashin dattijon da ya ƙi wanka ba, kuma in babu mai bibiya bayan an tashi bita, ilimin yakan dushe.

Akwai kuma kwas ɗin intanet na cibiyar Wicking a Jami'ar Tasmaniya ta Ostireliya, mai suna Understanding Dementia. Kyauta ne, na mako bakwai, kuma ya fi sauran zurfi wajen bayanin abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa. Yana cin data saboda bidiyo, yana son Turanci mai ƙarfi. Na ɗalibin jinya ne da likita, ba na Inna da ke gida ba.

Inda kuɗi ke fita shi ne bitocin kwana biyu ko uku da ake tallatawa da alƙawarin satifiket. Wasu na da kyau, wasu takarda kawai za ka saya. Kafin ka biya ko sisi, tambayi mai koyarwar ko ya taɓa jinyar irin wannan majinyaci da hannunsa, kuma ko za a gwada aikin a aikace ko allo za a yi ta haskawa. Sannan ka tambayi gwajin ƙwaƙwalwar da suke koyarwa, don nan ake gane na gaske. Gwajin MMSE da aka saba yana sa mutum ya rubuta jimla, ya yi ta ɗebe bakwai daga ɗari. Tsohuwar da ba ta yi boko ba tana iya faɗuwa wannan gwajin ko da lafiyarta ƙalau. Gwajin IDEA, wanda aka samar a Tanzaniya aka kuma jarraba a Najeriya, cewa yake ta lissafo sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, ta jera tsinken ashana yadda aka nuna mata. Mai horon da ya san wannan bambanci ya san mutanenmu.

Da ni ke riƙe da kasafin ƙaramin asibiti, zan tura ma'aikata biyu horon mhGAP, in nema musu mako guda suna bin ƙwararru a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. In sun dawo, su riƙa tara masu jinya sau ɗaya a wata a ƙarƙashin rumfar asibiti, suna bin darussan iSupport da Hausa, kowa ya zo da abin da ya gagare shi a wannan watan.