Ayarin ARC daga Las Palmas zuwa Saint Lucia: me iyali mai yara ke samu da kuɗinsa?

A ƙarshen watan Nuwamba na kowace shekara, ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska kan tashi rana ɗaya daga Las Palmas, a tsibirin Gran Canaria na ƙasar Sifaniya, su ƙetare tekun Atlantika zuwa Rodney Bay a tsibirin Saint Lucia da ke yankin Karibiyan. Tafiyar mil 2,700 ce a lissafin teku, kusan kilomita 5,000, ba tudu ba zango a tsakani. Sunan wannan ayari ARC, wato Atlantic Rally for Cruisers. Jimmy Cornell ne ya kafa shi a 1986, shekarar da jirage sama da 200 suka tafi Barbados, kuma tun 1990 aka mai da masauki Saint Lucia. Kamfanin World Cruising Club da ke Cowes a Ingila ne ke tafiyar da shi. Cikin masu shiga akwai iyalan da suka mai da jirgi gida, miji da mata da yara biyu ko uku a jirgi mai tsawon mita 12 zuwa 15, kuma yawancinsu burinsu guda ne, su iso Karibiyan kafin Kirsimeti. Da idon irin wannan iyali za a duba hidimar a nan.

Ana biyan kuɗin shiga gwargwadon tsawon jirgi, sannan a biya na kowane mutum. Abin da kuɗin ke saya shi ne shirye-shiryen mako biyu a Las Palmas, da darussa kan yanayi da abinci da gyara, da binciken kayan ceto, da na'urar da ke nuna wa 'yan uwa a intanet inda jirgi yake, da rahoton yanayi kullum, da tarba a masauki. Abin da ba ya saya kuwa, gara a faɗe shi tun da wuri: babu jirgin rakiya. Bayan kwana biyu ayarin ya watse a faɗin teku, har a yi mako ba a hango wani jirgi ba. In matsala ta taso, ofishin ayari zai sanar da cibiyoyin ceto da jiragen da ke kusa, kuma sau da yawa 'yan ayari sun juya sun kai wa juna ɗauki. Amma “kusa” a tsakiyar Atlantika na iya zama tafiyar yini guda.

A ganina, binciken kayan ceto shi ne mafi daraja a duk hidimar. Mai bincike kan hau jirgi da takardarsa, ya bi kaya ɗaya bayan ɗaya. Zai duba kwalekwalen ceto na roba, ko lokacin sabunta shi ya wuce. Zai duba na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan'adam, ko an yi mata rajista da sunan jirgin, ko batirinta na da sauran rai. Zai nemi rigar ceto ta kowane mutum, da fitilarta da usur da hular kare fuska daga feshin ruwa, da maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi. Wannan maɗauri ba ado ba ne: in babu shi, rigar kan haye sama ta shaƙe wuya, yaro kuma ya zame ta ƙasa. Zai tambayi inda aka ajiye sandar tuƙi ta ko-ta-kwana, ya ga turakun katako da ake ɗaurewa kusa da kowace kafar ruwa ta ƙasan jirgi domin toshewa in bututu ya fashe, da almakashin yanke wayar jigo (doguwar sandar da ke riƙe filafili, ƙyallen kama iska) in jigon ya faɗi. Yawancin kuɗin da iyali ke kashewa a wannan tafiya kan tafi ne wajen cika waɗannan sharuɗɗa, ba wajen rajista ba. Kuma wanda ya bari sai ya iso Las Palmas zai tarar da layi a wurin masu gyara. A kammala manyan ayyuka, musamman binciken wayoyin jigo da na allon juya jirgi, tun kafin a baro Turai.

Ta fuskar yara, masu shirya ayarin sun yi tunani mai kyau. Sukan jera jiragen iyalai a gada ɗaya, saboda haka cikin kwana biyu yara sun saba, suna ta zirga-zirga daga wannan jirgi zuwa wancan da rigunan cetonsu. Akwai kuma shirin wasanni da ke ɗauke su na wasu sa'o'i. Amfanin wannan ya wuce nishaɗi. Uwa da uba na buƙatar hannu biyu da hankali kwance domin loda kaya da hawa jigo, kuma abokan da yaro ya yi a nan su ne zai tarar a can lokacin biki, inda babu kaka, babu 'yan uwa.

Sayayyar abinci a Las Palmas ba wuya. Mahautan kasuwar Mercado Central sukan yanka nama su rufe shi a leda marar iska, manyan kantuna kuma sukan kawo kaya har bakin jirgi. Kada kwali ko ɗaya ya hau jirgi, domin a cikin ninkinsa kyankyaso ke ƙwai. A juye komai a kan gada, a wanke 'ya'yan itatuwa, a shanya su bushe sarai kafin a zuba a raga. Ayaba kan nuna gaba ɗaya a mako na farko, don haka kar a sayi nono guda. Kabeji, albasa, dankalin turawa, kabewa da lemo su ne ke kai mako na uku, amma a raba albasa da dankali. Ƙwan da bai taɓa shiga firji ba ya fi jimawa, a riƙa juya shi bayan kwana biyu.

Ruwa ne ya fi buƙatar lissafi. Jirgin da ke cin mil 140 a yini zai yi kwana 19 zuwa 21, amma a yi shiri na kwana 28. Mutum huɗu, lita uku kowanne a yini don sha da girki, ya kama lita 336. A riƙe wannan a gorori da jarkoki, daban da tanki, ko da akwai injin tace ruwan teku, domin injin kan tsaya saboda toshewar matata ko ƙarancin wuta. Ga wani abu ƙarami da ya sha jefa mutane cikin damuwa: famfon lantarki. Yaro ya bar kan famfo a buɗe, ko tiyo ya kwance a ƙarƙashin daɓe, sai famfon ya yi ta aiki, ƙarar ruwa da iska ta rufe ƙararsa, kafin a farga ya zubar da tanki guda a cikin jirgi. A kashe shi daga allon wuta, a yi amfani da famfon ƙafa.

Yanzu ga raunin hidimar, kuma babba ne. Ranar tashi ba iska ce ta zaɓe ta ba, kalanda ce. Lokacin mahaukaciyar guguwa a Atlantika yana ƙarewa a hukumance ran 30 ga Nuwamba, mutane kuma suna son isa kafin 25 ga Disamba, sai aka matse tafiyar a tsakani. Iskar arewa maso gabas da ke tura jirage yamma takan fi zama daram a Janairu. A ƙarshen Nuwamba wata shekarar tana nan, wata shekarar sai an gangara kudu sosai, kusa da tsibiran Cape Verde, kafin a same ta. Tsofaffin matuƙa na cewa a yi kudu har man shanu ya narke, sannan a juya yamma. Shawarar tana ƙara nisa, amma ga mai yara ita ce daidai, domin hanyar arewa, ko da ta fi gajarta, tana iya haɗa mutum da iska ta gaba ko tsit na kwanaki. Ɓangaren masu yawo, wato waɗanda ba tsere suke yi ba, ya halatta kunna inji, sai dai a rubuta sa'o'in a bayyana. Amma inji mai shan lita biyu da rabi a awa, da tankin lita 200, ba zai wuce awa 80 ba, wato mil 400 cikin 2,700. Masu ayarin sun taɓa ɗage tashi saboda mugun yanayi, amma hukunci na ƙarshe na mai jirgi ne, kuma ganin kowa na kwance igiya yana sa mutum ya tashi ko bai shirya ba.

Daren farko kan zo da wuya. A gabar kudu maso gabashin Gran Canaria duwatsun tsibirin na matse iska ta ƙaru farat ɗaya. A rage filafili tun da rana. A dafa abincin kwana uku tun a tasha, domin jiri da amai kan kama kusan kowa a farkon tafiya. Yaron da ke amai yana saurin bushewa, saboda haka a tanadi garin ruwan gishiri da sukari, a riƙa ba shi cokali-cokali. Maganin jiri kuma a tambayi likita ƙimar da ta dace da nauyin yaron, a gwada shi tun a tudu.

Bayan nan sai tangaɗi. Jirgi mai gindi ɗaya da iska ke turawa ta baya yakan yi ta kwanciya dama da hagu, ba dare ba rana. Haɗarin da ya fi kusa da yara a nan ba faɗawa teku ba ne, ƙuna ce da faɗuwa daga matakala. A yi girki da tukunya mai murfin kulle, a maƙale ta da ƙarafan murhu, a zuba ruwan zafi a kofi cikin kwamin wanke-wanke, kuma yaro ba ya tsayawa kusa da murhu in wuta na ci. Gadon kowane yaro a ɗaura masa ƙyallen tare gefe. A waje kuwa ƙa'ida ɗaya ce: ba a fitowa sai da rigar ceto, an maƙala igiya.

Gadi shi ke karya iyaye. In manya biyu ne kawai, karɓa-karɓa za su yi awa uku-uku duk dare, da gari ya waye kuma yara sun tashi da yunwa da ƙarfinsu. Bayan kwana goma gajiya kan sa a yi kuskuren da ba a saba yi ba. Shawarata ga duk mai yaro ƙasa da shekara bakwai ita ce ya ɗauki babba na uku wanda ya iya tuƙi.

Abin da ke lalacewa sanannen abu ne. Gogayya na cin igiya a inda ta ratsa ta kan ƙarfe, don haka kowace safiya a zagaya a duba, a matsar da wurin da ke gogar, a tsinci duk ƙusa ko kunca da ta faɗo a gano daga ina take. Sandar kwance ta babban filafili a ɗaure ta da igiya daga ƙarshenta zuwa goshin jirgi a dawo da ita wurin tuƙi, domin in iska ta juya ta shiga ta bayan filafilin, sandar kan waiwayo da ƙarfin da zai karya ƙarfe ko ya kashe mutum. A rabin tafiya na yamma ƙananan hadura kan taso da dare, iska ta ninka cikin minti kaɗan, shi ya sa ake sauke babban filafilin balo kafin magariba. Wuta ma takan gaza, saboda firji da na'urar tuƙi suna ci ba hutu, da yamma kuma filafilai na yi wa farantan sola inuwa.

Akwai ƙanin wannan ayari, ARC+, wanda aka fara a 2013. Yana tashi a farkon Nuwamba, ya yi mil 850 zuwa Mindelo a Cape Verde, a huta a yi gyara, sannan a yi kimanin mil 2,150 zuwa Grenada. Ga iyali, wannan ne zan fi zaɓa. Zangon farko kan tona duk abin da ke da rauni a jirgi alhali akwai tudu a gaba, kuma hanyar da kanta tana kai mutum kudu inda iska take. A yi hattara da hazo dai: ƙurar hunturun da muka sani tana kaiwa har waɗannan tsibirai, ta rufe su sai an zo dab.

Tarba a Rodney Bay tana da daɗi. Ko ƙarfe uku na dare jirgi ya kewayo Pigeon Island, za a samu mai karɓar igiya da kwandon 'ya'yan itatuwa da abin sha mai sanyi. Akwai giyar rake a cikin na manya, wanda ba ya sha ya faɗa a ba shi ruwan 'ya'yan itace. Waɗanda suka iso da wuri za su riski bikin fitilu na ranar ƙasa, 13 ga Disamba. Abin shan Kirsimeti a tsibirin kuwa zoɓo ne, wanda suke dafawa da citta da kanumfari da kirfa. Naman alade na cikin manyan abincin bikin, kek ɗinsu baƙi kuma a giya ake jiƙa kayansa, don haka mai kiyayewa ya tambaya.

Shagalin ayarin yana ƙarewa kafin Kirsimeti, daga nan kowa tasa ta fisshe shi. Tasha kan cika, masu gyara na shirin hutu, kayan gyaran da aka yi odarsu daga waje na iya kaiwa Janairu. Kada a saya wa kakanni tikitin da zai sauke su a tsakiyar Disamba da zaton jirgi ya iso, domin ranar da aka yanke takan sa matuƙi ya ƙi rage filafili. Filin jirgin saman Hewanorra ma yana can ƙarshen kudu, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a mota. Kyaututtukan yara a saye su tun a Las Palmas, ƙanana, a ɓoye a leda mai hana ruwa. Tandar jirgi ba ta ɗaukar talotalo, kaji biyu sun wadatar. Fitilun ado a ɗauki masu batir, ba kyandir ba, kuma a kashe su in jirgi na tafiya don kada su rikita fitilun hanya.

Iyalai da yawa kan wuce Sainte-Anne a Martinique ko Admiralty Bay a Bequia su yi bikin a kan anka tare da abokan gada. A daidai wannan lokaci ne iskar da matuƙan yankin ke kira iskar Kirsimeti ke ƙarfi, ta kai mil 25 zuwa 30 a awa, ta yi kwanaki ba sassauci. A saki sarƙar anka aƙalla ninki biyar na zurfin ruwa, a ja da baya da inji a tabbatar ta kama, sannan a sa tabarau a nutsa a gan ta da ido kafin a sauke yara zuwa gaɓa.