Kalifa, sikanar takarda ko hoton waya: wanne zai ɗauko maka siffar abin da za ka buga?

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce maƙalin robar da ke riƙe murfin akwatin gaban motarka ya karye, ka zaga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, kwana biyu ba ka samu irinsa ba, sai dai a sayar maka da akwatin gaba ɗaya. Wani mai firinta ta 3D, na'urar da ke ƙera abu da roba, a Yaba ya ce zai buga maka in ka kawo masa fayil. Kana kuma son mazaunin waya da zai zauna daram a gaban keken ƙaninka da ke ɗaukar fasinja a Agege. Shi ne kake tambaya: a auna da hannu, a ɗauki hoto da waya, ko a nemi sikana ta 3D?

Abubuwan nan naka biyu ba hanya ɗaya za su bi ba. Maƙalin nan injiniya ne ya zana shi da layuka miƙaƙƙu da ramuka masu awo. Gaban keke kuwa lanƙwasa ce, babu inda za ka dafa rula ta kwanta.

Mu fara da kalifa, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ake gani a hannun masu sassaƙa ƙarfe. Mai allon lamba tana nuna har 0.01 na milimita, kuma ko mai araha ta fi firintar da za ta yi aikin daidaito. Bakin firintar da aka fi amfani da ita milimita 0.4 ne, tana ɗora roba shimfiɗa kan shimfiɗa, galibi kauri 0.2. Saboda haka awon da ya kai ƙanƙantar 0.01, ba zai ma fito a jikin abin ba. Abin da ya sa nake fifita kalifa shi ne tana sa ka tunani. In ka auna rami ka ga 3.94, ka san wanda ya zana shi 4 ya nufa, sauran cin shekaru ne. In ka ga boris mai faɗin 22 da rami 8 da kauri 7, ka san lamba 608 ne, ba sai ka yi ta kame-kame ba. Sikana ta 3D ba ta san wannan ba. Tana kwafo abin ne yadda yake yau, da karayarsa da lanƙwasar da rana ta yi masa, alhali kai yadda yake kafin ya karye kake nema. Raunin kalifa shi ne ba ta ba ka kusurwa ko gantsarewa, kuma tazarar da ke tsakanin tsakiyar rami da tsakiyar wani sai ka yi lissafi: ka auna daga gefe zuwa gefe, ka ƙara rabin faɗin kowanne.

Kusa da ita akwai hanyar da mutane suka raina, ni kuwa ita na fi amfani da ita: sikanar takarda, irin wadda ke kowane shagon fotokwafi daga Idi-Araba zuwa Obalende. Ka kwantar da ɓallin maƙalin a kan gilashi, ka haɗa gutsattsarin yadda suke, ka ajiye rular ƙarfe a gefensu, ka ce a ɗauka a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci. A wannan matakin, ɗigo ɗaya na hoton bai kai milimita 0.05 ba. Fitilar sikana tafiya take a ƙarƙashin abin, don haka fuskar da ta taɓa gilashi tana fitowa ba tare da karkacewar da idon kyamara ke kawowa ba. Sai a shigar da hoton cikin manhajar zane irin su FreeCAD, wadda kyauta ce, ko Fusion ta kamfanin Autodesk, a daidaita girmansa da rular nan, a bi gefen abin da layi kamar yadda tela ke bin fatan. Duk abin da ya ɗaga daga gilashi zai dushe, wannan kuma kalifa ce za ta cike shi. In abin ya fi gilashin girma, sai hoton waya: ka ja baya sosai, ka jawo hoton kusa, wayar ta kalli abin daga sama sak, rula kuma ta kasance a tsayi ɗaya da gefen da kake son awonsa. Wanda ya matso da waya kusa zai ga rami zagayayye ya koma ƙwai.

Yanzu hanyar da ta fi jan hankalin matasa, wato zagaye abu da hotuna masu yawa, manhaja ta haɗa su ta fitar da siffa. Polycam da KIRI Engine da RealityScan duk suna yi a waya. Meshroom kyauta ce a kwamfuta, sai dai tana son katin hoto na Nvidia kafin ta yi cikakken aiki. Yadda abin yake, manhajar tana neman ɗigo ko tabo iri ɗaya a hotuna daban-daban, daga nan ta lissafa nisansa. To ka duba maƙalinka: baƙar roba ce, sumul, mai ɗan sheƙi. Babu tabon da za ta kama. Na taɓa ɗaukar hotuna kusan tamanin na wani ƙaramin haɗin injin markaɗe na wata 'yar'uwa mai sayar da abinci a Mile 12, na ƙona data wajen tura su, abin da ya dawo min dunƙule ne kamar curin ƙuli-ƙuli, haƙoran duk sun narke cikin juna. Ya yi min ciwo, don ita kwana biyu injinta a tsaye yake. Washegari na zauna da kalifa da takarda, ban kai awa ɗaya ba na gama zanen.

Ba wai hanyar ba ta da amfani ba. Ga gaban keken ƙaninka, ita ce daidai. Ka barbaɗa hodar jarirai ta kashe sheƙin, ka manna guntayen tef, ka ɗiɗɗiga musu tawadar alƙalamin maka don manhajar ta samu abin kamawa. Ka zaɓi ranar da gari ya yi lumshi, wanda ba ya wuya a Legas da damina, domin rana mai ƙarfi tana kawo inuwa, inuwa kuma tana ruɗa lissafin. Kowane hoto ya maimaita kamar kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. Kada ka manta da rula a cikin hoton, saboda hotuna kaɗai ba su san girma ba: siffa za su ba ka, kai za ka faɗa musu tsawo.

Wasu za su ce maka iPhone mai LiDAR, wato ma'aunin nisa da ke aiki da haske, ta gama magana. Tun daga 12 Pro ta 2020 ake saka shi, kuma yana da kyau wajen auna ɗaki ko shago, amma kuskurensa a santimita ake lissafa shi. Maƙalin da harshensa bai fi milimita 2 ba, bai ma gan shi ba.

Sikana ta 3D ta gaske, irin ta Revopoint ko Creality ko Shining 3D, tana haska zane a jikin abu ta karanta yadda ya lanƙwashe. Ta fi hoton waya nesa ba kusa ba, kuma tana ba da girma na gaskiya. Ita ma baƙi da sheƙi da gilashi suna wahalar da ita sai an fesa hoda, ba ta kuma leƙa cikin rami mai zurfi. Da dala ake sayenta, tana son kwamfuta mai ƙarfi da wuta tsayayya. In sana'arka ke nan kullum, kamar masu gyaran jikin mota ko masu haɗa ƙafar roba, ta cancanci kuɗinta. Don maƙali ɗaya kuwa, kar ka soma. Ga kuma abin da masu talla ba sa faɗa: abin da sikana ke fitarwa raga ce ta dubban ƙananan alwatika, ba zane mai awo ba. Ba za ka iya cewa "a ƙara ramin nan 0.3" kai tsaye ba. Dole wani ya zauna ya sake zana abin a kan ragar, kuma a ƙarshe kalifar zai ɗauko ya tabbatar da ramukan.

Akwai dabara ta tsofaffin kafintoci da za ta iya raba ka da duk wannan a kan keken. Ka yanki kwali, ka riƙa gyara bakinsa da almakashi har ya kwanta a kan lanƙwasar ba tare da haske ya ratsa ba. Ka yi guda uku a wurare uku, ka kai su sikanar takarda. Mazaunin waya ba ya buƙatar siffar gaban keke duka, wurin da zai taɓa kawai yake buƙata.

Don haka ni a wurinka: maƙali, kalifa da sikanar takarda. Mazaunin waya, kwali tukuna, in bai wadatar ba sai hotuna da hoda. Kowanne ka bi, ka roƙi mai firintar ya fara buga maka yanki siriri, kauri milimita 1 ko 2, na wurin da zai shiga cikin wani kawai. Mintuna kaɗan yake ɗauka, ka je ka gwada a jikin motar. Ka bar sarari kamar 0.2 tsakanin abubuwan da za su shiga juna, don ramin da aka buga kan fito da ɗan matsi. Kuma ka tambaye shi robar da zai sa. PLA tana fara laushi wajen digiri 60, motar da ta yini a rana a Oshodi da gilashi a rufe tana iya kai ta can. Ka ce masa PETG, in yana da ABS ko ASA ma ya fi, musamman ASA ga na keken da zai sha rana kullum.