Charger biyu ƙirar 1969: ja ta Ohio ko koriya ta Arizona, wacce ta ci kuɗinta?

Ɗan'uwa, ga tambayarka yadda na fahimce ta. Ka ga motoci Dodge Charger ƙirar 1969 guda biyu a kasuwa a Amurka. Ɗaya ja ce tana Ohio, sabon fenti, sababbin kujeru, tambarin R/T (samfurin Charger mai babban inji) gaba da baya, injin 440 (lambar girman injin ce) a cikinta, mai ita yana neman dala 78,000. Ɗayar koriya ce a Arizona, rana ta cinye fentinta, kujeru sun yayyage, ita ma 440, dala 59,000. Lambar shasin jar ta fara da XP29F9, ta koriyar kuma XS29L9. Kana so ka san wacce kuɗinta ya yi daidai.

Lambobin nan da ka turo sun riga sun raba gardama rabi. A motocin Chrysler (kamfanin da ya ƙera Dodge) na wannan shekara, haruffa huɗu na farko suna faɗin irin motar: XP29 Charger ce gama-gari, XS29 ita ce R/T. Harafi na biyar shi ne injin da ta fito da shi daga masana'anta. F na nufin 318 mai ƙarfin doki 230, L na nufin 440 Magnum mai ƙarfin doki 375, J kuwa 426 Hemi ne. Ke nan jar nan ba a haife ta R/T ba. Ƙaramin inji aka ciro, aka ɗora babba, aka manna tambari. Wannan ba laifi ba ne muddin mai sayarwa ya faɗa, Amurka cike take da irinsu. Abin da ba ya yi min daɗi shi ne ya sa mata kuɗin R/T. Daga cikin Charger kusan 89,000 da aka ƙera a 1969, R/T ba su fi wajen 20,000 ba, kuma ƙarancin nan shi masu tara motoci ke biya, ba ƙyallin fenti ba.

Akwai kuma abin da tambari ba ya iya ɓoyewa. Motar da ta fito da 318 an haɗa ta da kayan da suka dace da 318: giyabos na A904 maimakon A727 da manyan injuna ke amfani da shi, birki inci 10 maimakon inci 11 na R/T, sandunan murɗi na gaba (su ne sifirin ɗin gaba) sirara, sifirin na baya marar ƙarfi. Ka tambayi mai jar ko da ya canza inji ya canza waɗannan duka. Idan bai canza ba, mota ce mai gudu da ba ta iya tsayawa, kuma kai za ka biya kuɗin gyaran bayan ka biya 78,000.

Koriyar ma kada ka yarda da ita don lambar da ke kan dashbod kawai. Wannan ɗan farantin ana iya cirewa daga mushen mota a kafa wa wata, duk da babban laifi ne a dokar Amurka. Carfax, kamfanin da ke ba da tarihin mota ta lambar shasi, ba zai taimake ka ba, domin lamba mai gurbi 17 a 1981 ta fara, ta waɗannan gurbi 13 ce. Chrysler ma ba shi da bayanan ƙirar motocinsa na bayan 1967, saɓanin Ford da Pontiac da ake iya neman takardar mota tun daga ranar da aka haɗa ta. Saboda haka shaidar tana jikin motar. Buɗe bonet, a gefen direba akwai ɗan allon ƙarfe da aka ɗaure da kusoshi, Amurkawa suna ce masa fender tag. A R/T mai 440 za ka ga E86 a kansa. Sannan an buga wani ɓangare na lambar shasi a ƙarfen da ke riƙe lagireto da kuma leɓen but a ƙarƙashin roba. A jikin inji, gefen fasinja daga ƙasa kusa da kaskon mai, akwai wurin da aka buga lambar motar. Idan duk sun zo ɗaya, injin da aka haife ta da shi ne, kuma wannan kaɗai yana ɗaga darajarta sosai. Idan Allah ya sa takardar masana'anta tana nan maƙale a cikin wayoyin kujerar baya, to ka samu abin da da yawa ba su da shi. R/T ba waɗannan shaidu kamar fili ne ba takarda, yau kana ciki lafiya, ranar sayarwa ka ji jiki.

Yanzu ga inda kuɗi ke nutsewa, wato tsatsa. Charger ba ta da shasi daban da aka ɗora wa bodi, gaba ɗayanta a haɗe take, don haka in ƙasanta ya ruɓe ƙarfinta ne ya tafi. A Ohio ana watsa gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, kuma motar da ta yi shekaru tana shan wannan gishiri sai an yi mata walda mai yawa. Tambayar ita ce wa ya yi waldar, kuma yaya ya yi ta. Sabon fenti a motar Ohio ni tsoro yake ba ni, domin bodifila da fenti suna iya rufe rami na shekara biyu ko uku kafin ya kumburo. Ka nemi hotunan aikin tun tana tsirara ba fenti, da rasiɗai. Mai gaskiya yana ajiye su, har alfahari yake da su. Ka tafi da mayen ƙarfe ka naɗe shi a tsumma, ka bi ƙasan ƙofofi da bayan tayoyin baya da shi. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne a wurin. A ɗaga motar sama ka duba sandunan shasi na baya, da ƙarfen da ya gitta tsakiya inda sandunan murɗi ke shiga. Idan an shafe ƙarƙashin da baƙin kwalta mai kauri sabo fil, ka tambayi me ake ɓoyewa.

Koriyar ba ta da abin rufe asiri, abin da ka gani shi ne. Amma Arizona ma ba ta wanke Charger daga ciwonta na gado ba. Gilashin bayanta a lotse yake tsakanin ginshiƙai biyu, ruwa yana kwanciya a gindinsa, ya ci ƙarfen, ya zuba cikin but. Ɗaga shimfiɗar but ka danna ƙasan da ɗan yatsa. In tana da rufin leda a sama, ka shafa ka ji ko akwai ƙuraje a ƙarƙashi. Kuma zama a Arizona yau ba ya nufin can ta girma, ka bi tarihin masu ita. Abin da rana ta lalata, kujeru da robobi da saman dashbod, duk ana ƙera sababbinsu, sai dai ka duba ragar gaba mai ɓoye fitilu, roba ce, tana tsada, kuma murafunta da iskar inji suke buɗewa, sau da yawa sun daina aiki.

Maganar mil 41,000 da ke agogon koriyar, manta da ita. Gurbi biyar ne, in ya kai 99,999 sai ya koma sifiri. A auna matsin kowace silinda, a duba ƙarfin mai bayan inji ya yi zafi, shi ke nan.

Wajen gane farashi, kada ka auna da abin da wasu ke nema a talla, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Ka duba abin da aka sallama a gwanjon Mecum da Barrett-Jackson da Bring a Trailer cikin shekara ɗaya da ta wuce, ka ware XS29L daban, XP29 da aka sa wa 440 daban. Hagerty kuma, kamfanin inshorar tsofaffin motoci, suna raba yanayin mota mataki huɗu, daga 1 wadda ba ta da aibi zuwa 4 wadda ke tafiya amma tana buƙatar aiki. Yawancin masu sayarwa motarsu 3 ce suna neman kuɗin 2. Ka tuna farashin gwanjon Mecum da Barrett-Jackson yakan haɗa da la'adar kusan kashi 10 da mai saye ya biya, wadda ba ta shiga aljihun mai mota ba.

Ra'ayina, jar ba ta kai 78,000 ba. A matsayin Charger gama-gari mai babban inji za a yi cinikinta, kuma ko hakan sai hotunan aikin bodi sun fito. Idan burinka ka tuƙa ranar hutu ka ji rugugin inji, ba ruwanka da ranar sayarwa, tana iya yi maka, amma ka taya ƙasa sosai, in ya ce albarka ka yi gaba. Koriyar kuwa in lambobinta sun haɗu kuma ƙasanta lafiya, 59,000 ba zalunci ba ne. Sai dai kada ka saye ta da niyyar kai ta wurin fenti washegari. Aikin bodi da fenti mai kyau a Amurka yana iya cinye ratar dala 19,000 da ke tsakanin motocin nan har ya nemi ƙari. Ka gyara birki, tayoyi, tiyon mai da lagireto, ka tuƙa ta da koɗaɗɗen fentinta, akwai masu saye da suka fi son ta haka.

Kafin ka sayi tikitin jirgi zuwa Arizona, ka sa mai ita ya turo hoton allon cikin bonet, lambar jikin inji, ƙasan but ba shimfiɗa, da takardar mallaka mai ɗauke da sunansa da lambar shasi iri ɗaya da ta dashbod. In sun zo daidai, ka biya wanda ya san motocin Chrysler na wancan zamani 'yan ɗaruruwan daloli ya je ya ɗaga ta ya duba kafin ka tura ko sisi na kafin alƙalami.